Yadda Ake Gina Tagar Aiki a Kwamfuta da Tkinter

A da, mai amfani da kwamfuta sai ya haddace umurni ya buga da hannu, kuma kuskuren harafi ɗaya kan tsayar da aiki. A shekarar 1991, John Ousterhout na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ya fitar da Tk, wato tarin kayan gina tagogi da maɓallai don harshen Tcl. Daga baya aka haɗa shi da harshen Python, aka kira shi Tkinter.

Ginin taga matakai uku ne. Na farko, a buɗe babbar taga. Na biyu, a jera kayan cikinta: akwatunan shigar da lamba, da maɓalli, da wurin nuna sakamako. Na uku, a ɗaura wa maɓallin aikin da zai yi idan an danna shi.

Alal misali, ma'aikacin ɗakin gwaji yana da ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, yana buƙatar mililita 100 mai ƙarfin kashi 2. Da ya shigar da lambobin ya danna, taga za ta nuna masa ya ɗebi mililita 20 ya cika da ruwa.

Layin ƙarshe na shirin, wato mainloop, shi ke sa taga ta zauna tana sauraro, kamar yadda jijiya ke jiran taɓi kafin ta aika saƙo. To, amma a kula: idan aka ɗora wa maɓalli lissafi mai tsawo, taga za ta sandare, ba za ta amsa dannawa ba sai ya ƙare.