Horon sati biyu ba ko kwabo: yadda ofisoshin tallar waya ke cin gumin masu neman aiki

Da na je gida Minna hutun Sallah, na tarar da ƙanwata, 'yar baffana, muryarta ta dishe kamar wadda ta kwana kiɗan ƙwarya. Na ce lafiya? Ta ce, "Yaya, aiki na samu, kuma na rasa." A Tudun Fulani suke, nan gefen Bosso, unguwar da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da waɗanda suka gama bautar ƙasa suka cika ta, kowa da takardunsa a jaka yana jiran kira.

A wani zauren WhatsApp ta ga talla: ana neman masu jin Hausa da Turanci, aikin kiran waya ne kawai, albashi mai tsoka. Ta je. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, da kujerun roba da fanka. Aka ce za a yi musu horo na sati biyu, wanda ya cika adadin cinikin da aka ɗora masa shi za a ɗauka. Aka miƙa mata takarda cike da lambobin mutane, ta riƙa kira daga safe har la'asar tana tallar wani magani. Wayarta, katinta, kuɗin kekenta daga Tudun Fulani zuwa cikin gari kullum. Ranar Juma'ar ƙarshe aka ce ba ta kai ba, Allah Ya ba da sa'a a gaba. Ranar Litinin wasu sababbi suka zauna a kujerun.

Na rubuto wannan ne saboda irin tallar ta fi yawa a wajenku, Legas da Ibadan da Fatakwal. Kamfanin da ke son sayar wa 'yan Arewa kaya dole ya nemi mai Hausa a baki, kuma yaranmu na Agege da Idi-Araba da Sabo su ne a kusa. Ba duka ne macuta ba, akwai masu biya tsakani da Allah. Amma ya kamata a gane yadda na banzan ke aiki.

Abin da ake kira horo, aikin ne da kansa. A tallar waya, wahalar tana wajen kiran farko: ka kira mutum ɗari, wasu su kashe, wasu su zage ka, kaɗan su ce "to, zan yi tunani". Waɗannan kaɗan ɗin su ne dukiyar. Mai neman aiki yana rubuta sunayensu ya miƙa, in an sallame shi sai tsofaffin ma'aikata su bi su su ƙulla cinikin. Wato ita ta yi sussuka da shiƙa, wani ya auna tsabar. Adadin da ake ɗora wa sabo kuwa, da gangan ake kai shi inda ba zai taɓo ba, domin ofishin da ke samun sababbin hannaye kyauta duk sati biyu, me zai yi da ma'aikaci mai albashi? Wasu ma har kuɗin fom da na katin shaida suke karɓa, ka ga an ci riba tun kafin a ɗaga waya.

To me doka ta ce? Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar takarda mai bayanin aikinsa da albashinsa kafin wata uku su cika. Kun ga inda gizo ke saƙar: wanda aka kora a sati biyu bai kai ga takarda ba, don haka ba shi da abin nunawa. Mafi ƙarancin albashi kuma, tun Yulin 2024 da Shugaba Tinubu ya sa hannu, naira 70,000 ne. Sai dai dokar ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, ta kuma cire waɗanda ake biya da kamasho. Shi ya sa za ka ji suna nanata cewa "mu kamasho muke biya". Amma wannan bai halatta a sa mutum aiki a hana shi abin da aka yi alkawari ba. Alkawarin baki ma alkawari ne, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai rassa a Legas da Ibadan da Abuja da Kano, don irin wannan shari'ar aka kafa ta. Gaskiya dai, wa zai ɗauki lauya a kan kuɗin sati biyu? Sun san da haka. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiha ya fi sauƙin zuwa, musamman in kun taru ku biyar ko goma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kuɗin ba ne. Wanda ya shiga ofis ba takarda, bai san wa yake yi wa aiki ba. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin masu ba da bashi ta manhajar waya a Ikeja, inda matasa ke zaune suna kiran 'yan uwan masu bashi suna ci musu mutunci. A Disamba 2024 kuma EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Victoria Island, cikinsu 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Mafi yawan sauran 'yan Najeriya ne da aka ɗauka aikin kwamfuta da waya, kuma hukumar ta ce ko takardar ɗaukar aiki ba a ba su ba. Ranar da aka zo kamu, da su aka cika mota.

Don haka in yaronka ya zo da irin wannan talla, a tambaya tun ranar farko: kwanakin horon nawa za a biya, kuma wa zai sayi kati? A nemi amsar a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, a adana. A duba sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kyauta ne. In an ce kawo kuɗin fom, a juya. Kuma kar ya yarda ya yi kiran da layinsa.

Wannan na ƙarshen ƙanwata ce ta koya mini. Har yanzu mutane na kiranta, wani ya ce ya biya ba a kawo masa maganin ba, wata ta ce za ta kai ta wajen 'yan sanda. Layin da sunanta da lambar NIN ɗinta aka yi masa rajista. Da muka koma benen ni da ita, mun tarar da ɗinki ake yi a ɗakin.