Hayaƙin Murhu da Lafiyar Mutanen Gida

A cikin wannan takarda za mu duba abin da mai girki ke shaƙa a madafi. Idan itace ko kara ko kashin shanu bai ƙone sarai ba, yakan fitar da ɓurɓushi ƙanana ƙwarai, waɗanda gashin hanci ba ya iya tarewa. Sai su zarce huhu, wasunsu har cikin jini. Daga nan ne ciwon huhu da tari mai naci da ciwon zuciya kan samo tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta halaka mutum miliyan 3.2, daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun haura 237,000. Ba abin mamaki ba ne, tun da goyo yana bayan uwarsa a gindin murhu.

A ganinmu gawayi ya fi yaudara. Ba ya hayaƙi sosai, shi ya sa da hunturu akan shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa. Alhali kuwa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, ga shi ta fi iskar oksijin kama jini kusan ninki 200. Mai barci yakan shaƙe ta har rai ya yi halinsa bai farka ba.