Yadda Ake Rarrabe Toron Agwagwa Da Macen

A Nahuce da sauran garuruwan ƙasar Bunguɗu, har zuwa Gusau da Tsafe, mata da yawa suna kiwon agwagi. Amma sau da dama mace takan sayi 'ya'ya biyar a kasuwa, ta yi ta zuba musu dusa, sai sun girma ta tarar huɗu maza ne. Ga ci, ga faɗa, ba ƙwai.

Agwagwar ƙasar nan asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Ga alamun da za a duba:

1. Girma. Toro ya kusa ninka macen nauyi. Tun suna da mako 6 ƙafafunsa sukan fi kauri, tafinsa ya fi faɗi.

2. Fuska. Jan naman nan mai gudaji-gudaji ya fi yawa ga toro, har ya hau bisa baki. Na macen kaɗan ne.

3. Murya. Toro ba ya kuka, sai huci. Macen kuwa tana da 'yar siririyar murya.

Kada a nemi gashin wutsiya mai lanƙwasa, wannan alamar agwagin Turai ce.

Toro ɗaya ya ishi mata 5, sauran a sayar ko a yanka. Macen takan yi kwana 35 tana kwanci, watau ta ɗara kaza da mako 2, saboda haka kada a yi gaggawar zubar da ƙwan.

Ana roƙon hakimai su sa malamansu su karanta wa talakawa wannan ran kasuwa.