Kafin ka zuba kuɗin rake a akwatin ɗaukar sauti

A shekarun baya, duk matashin da ya tsara waƙa a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, sai ya tara kuɗin mota da na sutudiyo ya nufi Zariya ko Kano, ya bi layi ya jira mai fiyano, domin tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, sana'ar ta taru ne a hannun 'yan ƙalilan a birane. Yau kuwa lamarin ya sauya, mawaƙan bege da na biki, da masu ɗaukar karatun Alƙur'ani, har da masu karanta littattafan Hausa suna ɗorawa a YouTube, kowa so yake ya ɗauki muryarsa a ɗakinsa. Wannan ci gaba ne abin yabo, sai dai akwai wata 'yar na'ura da ke tsakiyar harkar, wadda rashin saninta kan jawo asarar kuɗin da aka sha rana a gonar rake ko ta tumatir kafin a same su.

Na'urar ita ce akwatin shigar da sauti, wanda masu sutudiyo ke kira sawunkad. Aikinsa shi ne ya karɓi 'yar siririyar wutar da makirfo ke fitarwa, ya ƙara mata ƙarfi, ya mayar da ita lambobin da kwamfuta ke ganewa, sannan ya dawo da sautin zuwa kunnen mai ɗauka. Kwamfuta tana da irin nata a ciki, amma an yi shi ne don kira da kallon fim, shi ya sa muryar da aka ɗauka da shi take fitowa da huci kamar iska na bi ta ƙofa.

Tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce: murya nawa zan ɗauka a lokaci guda? Mai karatu ko mai wa'azi kafar makirfo ɗaya ta ishe shi, irin wadda ke jikin Scarlett Solo na kamfanin Focusrite, ko UM2 da UMC22 na Behringer. Amma wanda ke waƙa da 'yan amshi, ko mai son ɗaukar hira tsakanin mutum biyu, to ya nemi mai kafa biyu kamar Scarlett 2i2, ko UMC202HD, ko AudioBox USB 96 na PreSonus. Sayen mai kafa huɗu ko takwas ga mutumin da shi kaɗai ne a ɗakinsa, ɗaukar Dala ba gammo ne.

Abu na biyu shi ne irin makirfon da za a jona. Akwai mai ƙwari irin na masallaci da filin taro, kamar SM58 da kamfanin Shure ya fitar tun 1966, wanda ba ya bukatar wuta daga akwatin. Akwai kuma makirfon kondensa mai jin ƙwaƙwaf, wanda sai an tura masa wutar bolt 48 kafin ya yi aiki, don haka a duba jikin akwatin a tabbatar akwai maɓallin da aka rubuta 48V. A nan ne matasa da dama ke ruɗewa, domin sun ga ana amfani da kondensa a manyan sutudiyo. Sun manta cewa abin da ke kama numfashin mawaƙi, shi ne kuma zai kama ƙarar injin niƙa da babura da carar zakaran maƙwabta. A ɗakin da ba a gyara shi don sauti ba, makirfo mai ƙwari ya fi rufa asiri.

Na uku, kuma wanda dillalai ba su cika faɗa ba, shi ne manhajar da ke haɗa akwatin da kwamfuta. Idan mawaƙi ya furta kalma ya ji ta a kunnensa bayan ɗan jinkiri, to bin kiɗa zai gagare shi. Maganin wannan a kwamfutar Windows shi ne tsarin ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro. Scarlett da UMC202HD suna da manhajarsu ta kansu mai bin wannan tsari, UM2 da UMC22 kuwa sun dogara ne da ta aro mai suna ASIO4ALL, wadda takan ba da wahala a wasu kwamfutocin. Haka nan a nemi akwati mai maɓallin sauraro kai tsaye, wanda ke aika murya zuwa kunne ba tare da ta zagaya ta cikin kwamfuta ba.

Game da manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali kuwa, kada su tsorata kowa. Faifan CD da duniya ta daɗe tana saurare yana kan kilohaz 44.1 ne da bit 16, don haka kilohaz 192 ba shi ne zai gyara murya ba, kilohaz 48 ya wadatar. Abin da ke da amfani shi ne bit 24, domin yana ba mutum damar ɗauka ƙasa-ƙasa yadda murya ba za ta fashe ba idan ya ɗaga ta, sannan ya ƙara ta daga baya. UM2 da UMC22 a bit 16 suka tsaya, shi ya sa UM2 bai kai rabin kuɗin Scarlett Solo ba. Su kuma 'yan akwatunan nan masu arha irin V8 da suka cika kasuwa, an yi su ne don shirin kai tsaye a waya, kuma amsa-kuwwar da suke sa wa murya ba ta cirewa bayan an ɗauka.

Sai batun wuta, wanda kowa a wannan yanki ya san zafinsa. Duk akwatunan da aka ambata suna shan wuta ne daga kafar USB ta kwamfuta, saboda haka mai kwamfutar tafi-da-gidanka da batir mai kyau zai iya aiki ko babu lantarki. Hasali ma ɗauka da batir ta fi tsafta, domin janareta da caja marar inganci sukan shigar da gurnani cikin sauti. A cika batir da rana, a zare caja, a yi ɗauka da dare idan gari ya yi tsit.

Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, abin da ya sa mutane suka koma wa na hannu. Ba laifi ba ne, amma duk wanda zai hau mota a Tashar Yari ya nufi Sabon Garin Zariya ko titin Beirut a Kano, to ya tafi da kwamfutarsa da makirfonsa. Ya jona, ya murɗa kowane maɓalli ya saurara ko akwai ƙaraf-ƙaraf, ya gwada wutar 48V, kuma idan sabo ne ya yi rajistar lambarsa a shafin kamfanin tun yana shagon, domin akwai jabu. Masu iya magana sun ce arha ba ta ado.

A ƙarshe, shawarata ga ƙannenmu ita ce kada su kwashe jarinsu kaf su zuba a akwati. A raba kuɗin, a bar na makirfo da waya mai kyau da abin ji na kunne mai rufewa. Manhajar Audacity kyauta ce, kuma ta isa mai ɗaukar murya zalla. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano tare hayaniyar waje, sannan katifa da barguna a jikin bango suna kashe amon ɗaki fiye da yadda ake zato. Su ma iyaye da masu hannu da shuni na Ikara da Makarfi da Kudan ya kamata su ɗauki wannan a matsayin sana'a, domin yaron da ya iya ɗauka da tace sauti zai riƙe wa yankin kuɗin tallace-tallace da waƙoƙin da ake kaiwa birni. Allah Ya sa mu dace.