Yadda Injin V Yake Shan Iska

Duk motar da ke aiki da fetur, iskar da take sha ta fi man yawa nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na fetur yana bukatar wajen kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Saboda haka hanyar da iska ke bi ta shiga inji ba abin wasa ba ce, balle a injin V6 ko V8, watau wanda aka jera silindojinsa sahu biyu suka buɗe kamar gwafa.

A kwarin da ke tsakanin sahun nan biyu aka saba ɗora tukunyar iska, daga nan bututai su rarrabu zuwa kowace silinda. Rabon ne ke da wuya. A injin V8 da kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar a 1955, silinda ta 5 da ta 7 maƙwabtan juna ne, kuma ɗaya na zuƙar iska ɗayar ke biye mata, har takan rage wa 'yar'uwarta rabo. Maganin da aka saba yi shi ne a raba tukunyar gida biyu, a sa kowace a gidanta dabam.

Sa'an nan ga batun tsawo. Iskar da ta ɗauko gudu cikin dogon bututu takan ci gaba da cusa kanta cikin silinda, inji ya yi ƙarfi tun yana juyawa sannu. Gajeren bututu kuwa sai an taka wuta yake nuna amfaninsa. A 1960 kamfanin Chrysler ya sa wa motarsa 300F bututai masu tsawon inci 30, na dama suka tsallaka hagu, na hagu suka tsallaka dama. A 2001 kuma BMW na Jamus ya fito da V8 wanda tsawon bututansa ke sauyawa bisa ga gudun inji.

Masu Toyota Camry da Sienna na V6 a ƙasar nan sun san wannan tukunya, ko da ba su san aikinta ba. Injin a gicciye yake, tukunyar ta rufe fulogi uku na baya, shi ya sa bakanike kan sauke ta kafin ya kai gare su, kuɗin aiki ya ƙaru. In ya mayar da ita bakinta bai liƙe sosai ba, iskar da ba a tace ba, ba a kuma auna ba, za ta riƙa satar hanya. Motar sai ta dinga rawa a tsaye, ƙurar hunturu kuma tana shiga tana cin silinda.