Kumbon Da Hasken Rana Ke Turawa

Ran nan da hunturu na hau keke daga Kankiya za ni Kusada gaida kakata. Iska tana bayana, ta cika mini riga, keke sai gudu yake ba tare da na taka sosai ba. Da na ba malaminmu na kimiyya labari, sai ya ce akwai kumbon da ke tafiya kamar haka a sararin samaniya. Na ce, "Malam, ai ka ce babu iska a can." Ya ce, "Hasken rana ke tura shi."

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ga yadda abin yake. Haske yakan tura duk abin da ya faɗa a kansa, musamman abu mai sheƙi kamar madubi, wanda ke mayar da hasken baya. Don haka masana sukan ƙera wani mayafi na leda mai ƙyalli. Roka ce ke kai kumbon sama, can sai ya buɗe mayafin. In ana so ya canja hanya, sai a karkata mayafin.

Amma fa turin kaɗan ne ƙwarai. Ko da mayafin ya kai faɗin gona mai kadada ɗaya, turin bai wuce nauyin giram 9 ba, wato kamar ƙwayar sukari biyu. To, ina amfaninsa? A can babu iskar da za ta rage wa kumbo gudu, kuma turin ba ya yankewa muddin haske na samunsa. Saboda haka kullum gudun ƙaruwa yake. Roka kuwa, da mai ya ƙare, turinta ya ƙare.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2010 ƙasar Japan ta harba kumbon IKAROS. Mayafinsa mita 14 ne kowane gefe, kuma kaurinsa bai kai na silin gashi ba. A watan Disamba na shekarar ya wuce kusa da Zara, wadda muke kira matar wata.

Ni dai yanzu, in rana ta buge ni a gonarmu, nakan tuna tana tura ni ne a hankali. Gaskiyar Bahaushe, sannu ba ta hana zuwa.