Waƙar Siyasa, Ƙabila da Ƙuri'a: Abin da Zaɓen 2023 Ya Nuna a Katsina

A garuruwa irin su Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana, sunan ɗan takara yakan riga fastarsa isowa. A shagon mai cajin waya yake sauka, inda ake tura wa matasa sababbin waƙoƙi a ɗan memori. Daga nan sai ya hau sifikar ɗan acaɓa, ya zauna a teburin mai shayi, yara su haddace amshin tun iyayensu ba su san jam'iyyar mutumin ba. 'Yan siyasa sun san da haka, shi ya sa suke zuba kuɗi a kan mawaƙa da 'yan fim.

Al'adar tsohuwa ce. A zamanin NEPU da NPC, Gambo Hawaja da Mudi Sipikin sun yi yaƙi da alƙalami a gefen Malam Aminu Kano, Musa Ɗanƙwairo kuma ya wasa Sardauna. Mamman Shata, ɗan Musawa, bai tsaya ga kiɗa ba: ya ci kansila a Kankiya, daga baya ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa. A yau wanda ya fi kowa amo a wannan fage shi ma Bakatsine ne, Dauda Kahutu Rarara, daga Kahutu ta ƙaramar hukumar Danja. Waƙoƙinsa sun raka Muhammadu Buhari a 2015 da 2019, kuma a zaɓen 2019 Buhari ya kwashi ƙuri'a fiye da miliyan 1.2 a jihar Katsina, Atiku Abubakar ya tashi da kimanin 308,000. Magoya bayan mawaƙin suka ce aikinsa ne. Amma Buhari ɗan Daura ne, kuma tun 2003 talakawan Arewa ke binsa, lokacin da ba a san Rarara ba.

Gwajin gaskiya ya zo ne a 2023, da aka ba mawaƙin Bayarabe ya tallata wa Hausawa da Fulani. Rarara ya yi wa Bola Tinubu waƙa, an ji ta ko'ina. A ɗaya ɓangaren kuma, Atiku ya faɗa a wani taro a Kaduna cikin Oktobar 2022 cewa ɗan Arewa ba ya buƙatar ɗan takara Bayarabe ko ɗan ƙabilar Ibo. APC ta rufe ɓarakar ƙabila da addini, ta tsayar da Musulmi biyu, Tinubu da Kashim Shettima. Ranar 25 ga Fabrairu, hukumar zaɓe ta INEC ta ba Atiku ƙuri'a 489,045 a Katsina, Tinubu 482,283, Rabi'u Kwankwaso 69,386, Peter Obi 6,376. Jam'iyyar shugaban ƙasa ta faɗi a jiharsa, a jihar babban mawaƙinta.

Mai cewa ƙabila ce ta yanke hukunci sai ya dubi tazarar: ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba. Kusan mutum rabin miliyan a Katsina sun dangwala wa mutumin Legas, suka bar ɗan Adamawa. Ba wannan ne karon farko ba, domin a 1993 Moshood Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, garin Tofa. Mai cewa waƙa ce ke zaɓe shi ma yana da abin amsawa. Mako uku bayan wancan zaɓe, ranar 18 ga Maris, Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya samu 859,892, Yakubu Lado Ɗanmarke na PDP ya samu 486,620. Jiha ɗaya, mawaƙa ɗaya, sakamako biyu. Abin da ya bambanta shi ne ɗan takarar da kuma halin da aka shiga rumfar zaɓe da shi. A watan Fabrairu mutane na kwana a layin banki saboda canjin kuɗi, man fetur ya yi wuya, kuma fushin ya faɗa kan gwamnatin tarayya.

Amurka ta daɗe tana auna tasirin taurari a kan masu zaɓe. Masana tattalin arziki biyu, Craig Garthwaite da Timothy Moore, sun ƙiyasta cewa goyon bayan Oprah Winfrey ya ƙara wa Barack Obama ƙuri'a kimanin miliyan ɗaya a zaɓen fid da gwani na 2008. A lura, zaɓe ne na cikin jam'iyya ɗaya, inda masu zaɓe ba su gama sanin sabon ɗan takara ba, kuma muryar baƙar fatar da fararen fata suka amince da ita ta buɗe masa ƙofa. A 2024 Taylor Swift ta mara wa Kamala Harris baya, mutum fiye da 400,000 suka ziyarci shafin rajistar zaɓe ta hanyar saƙonta cikin kwana ɗaya, Beyoncé ta hau dandamali a Houston, amma Harris ta faɗi. Donald Trump ya ƙara samun ƙuri'u har a cikin 'yan asalin Latin Amurka da maza baƙar fata, a shekarar da tsadar rayuwa ta dami jama'a. Tauraro na iya gabatar da baƙo, ya tara jama'a a fili, amma ba ya canza wa mai zaɓe abin da ya gani a kasuwa.

Mutumin Zakka ko Batsari ya ga abin da ya fi tsadar kasuwa. Yana zaune a bakin dajin Rugu. A Mayun 2019 mutanen Batsari sun ɗauko gawawwakin 'yan'uwansu har cikin birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar. Manomi da ya bar gonarsa ta nesa, ko ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, yakan saurari waƙar siyasa ya ji daɗin kiɗan, amma lissafinsa daban ne.

Shi ma mawaƙin ba a rasa abin tambayarsa. A Oktobar 2023 Rarara ya kira 'yan jarida a Kano ya soki mulkin Buhari, mutumin da ya yi shekaru yana wasawa. Wanda ya jefa ƙuri'a saboda waƙoƙin yabon Buhari bai sami wanda zai riƙe ba. Hulɗar fim da gwamnati kuwa ta ƙara ƙarfi: Abba El-Mustapha ya zama shugaban hukumar tace finafinai ta Kano a 2023, Ali Nuhu ya zama shugaban hukumar finafinai ta ƙasa a Janairun 2024. Ba laifi ba ne ɗan fim ya riƙe muƙami, amma mai sauraro yana da haƙƙin sanin ko yabo na ra'ayi ne ko na kwangila.

Inda abin ya fi tayar da hankali shi ne zambo. A wannan yanki maganar ƙabila ba ta tsaya ga Bayarabe da ɗan Arewa ba, ta shigo cikin gida. Rikicin 'yan bindiga da 'yan sa-kai ya sa ana yi wa Hausawa da Fulani kuɗin goro, mutanen da suka yi auratayya, suke cin kasuwa ɗaya, suke sahu ɗaya a masallaci. A Facebook da TikTok ana ta tonon asalin 'yan siyasa, wane Bahaushe ne, wane Bafulatani. Baiti ɗaya na habaici da ya bi wannan layi, daga bakin mawaƙin da yara ke haddacewa, zai iya yin ɓarnar da ba ta ƙarewa ranar zaɓe. Dokar Zaɓe ta haramta kalaman kamfe masu taɓa addini ko ƙabila, kuma jam'iyyar da ta biya kuɗin waƙa ita ya kamata a fara tuhuma da abin da ke cikinta kafin a shiga kamfen 2027.